Linzamin da Auta Ya Zaɓa

Ni mutum ne mai zargi, kuma ban taɓa jin kunyar hakan ba. Koyarwa nake yi a lakwal a Filinge, ina kuma kiwon raguna a bayan gida. To tsakanin ɗaliban da ke zuwa da uzurin ƙarya da dillalan Baleyara da ke ɗura wa rago ruwan kanwa ya kumbura kafin ciniki, ban ga inda zan koyi yarda da mutane ba. In aka yaba mini rago, bakinsa nake fara buɗewa. In aka ce kaya na da kyau, sai in tambayi abin da ya sa mai shi yake son rabuwa da shi.

Mutum ɗaya ne ban taɓa sa wa ido ba, shi ne ƙanena, autan Inna. Auta muke ce masa har ya yi gemu. Ya yi karatun zanen taswira a Yamai, ya dawo ya zauna jiran aiki har mutane suka fara jin nauyin tambayarsa. Daga baya wata ƙungiya ta ɗauke shi gwaji, aikin zana iyakokin gonaki da burtalin shanu a ƙauyukan Damana. An gaya masa ƙarara cewa gwajin damina ɗaya ne. In kaka ta yi za a duba taswirorin da kowa ya gama, a riƙe wanda za a riƙe, a sallami saura. Duk gidanmu mun san da haka, Inna kuwa ba ta idar da salla ba tare da ta sa aikin nan cikin addu'a ba.

Yadda yake aikin shi ne ya goya ordinatarsa, wato kwamfuta, a jaka, ya hau moto, babur ke nan, ya shiga ƙauye. A tara masa maigari da manoma da makiyaya a gindin itace, ya juya musu fuskar ordinata su ga hoton ƙasarsu daga sama, shi kuma yana jan layi inda aka yarda gona ta ƙare, burtali ya fara.

Bayan shuka ya yi wata tafiya Damana da ta daɗe fiye da yadda ya saba. Ya bugo waya ya ce aiki ne ya yi yawa. Ranar da ya dawo na miƙa masa hannu a ƙofar gida, sai ya dunƙule nasa ya ba ni wuyan hannu, kamar yadda mahauci ke yi in hannunsa ba tsabta. Ya ce man moto ne. Na karɓa. Washegari muna fitowa daga sallar asuba ya sake ba ni wuyan hannu, ni kuwa ban san moton da ake gyarawa cikin masallaci ba.

Sai maganar abinci. Mu maza a gidanmu kwano ɗaya muke ci tun zamanin Baba, a kan tabarma gindin dogon yaro. Auta ya daina zama. Yau ya ci a hanya, gobe cikinsa ba daɗi, jibi a kai masa ɗaki yana da aiki. Fura kaɗai yake sha a gabanmu, ita ma ɗaga ƙwaryar yake da hannu biyu ya kafa kai. Ɗaki kuwa ya shiga sai ya turo ƙofa. In na wuce ta taga ina ganinsa ya duƙufa kan ordinata, amma ya ji motsina sai ya sauke marfin. Kuma duk wannan duƙufar, wata rana na ji shef ɗinsa, shugabansa a wurin aiki, yana yi masa faɗa a waya, har muryar tana fitowa tsakar gida, wai taswirar ƙauye biyu ba ta iso ba. Auta sai cewa yake, "Wi, shef. Ina kai, shef."

Mutum ya yini gaban ordinata kuma aiki ba ya fita, to me yake yi? Ni na san amsa, ko kuwa na ɗauka na sani. Na ga abin da wasannin nan da cacar ƙwallo suka yi wa 'ya'yan mutane a garin nan. Akwai ɗan maƙwabcinmu da ya fara da wasa a waya, ya ƙare da sayar da tunkiyar uwarsa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Aikin da aka daɗe ana roƙon Allah, ga shi Auta zai watsar da shi saboda shirme.

Ana haka na bi ta bakin kasuwa in sayi pil, wato batir, na rediyo. Mai butik ɗin da ke sayar da wayoyi da caja da fitilun sola Bazabarme ne, tsarana, aji ɗaya muka yi. Yana ganina ya ɗaga murya ya kira ni Mushe, yadda ake kiran malaman lakwal, ya haɗa da gaisuwarsu ta Zabarmawa.

"Mushe, fofo! Ka hwaɗa ma Auta kayanai sun iso daga Yamai."

"Kayan mi?"

"Suri. Marar waya, irin na 'yan wasa."

Suri shi ne linzamin nan da ake turawa da hannu kusa da ordinata, haka muke kiransa da bakin lakwal. Da ya ga yadda fuskata ta canza sai ya kama goge gilashin da ba shi da datti, ya shiga tambayata lafiyar raguna. Na ce a raina, to, ku biyu ne ke nan.

Ban gaya wa Auta komai ba. Na bar mai butik ya kira shi da kansa. Ranar kasuwa na ga ya ɗauki jakarsa ya fita, na ba shi 'yar tazara na bi bayansa. Na same shi tsaye a butik, ya buɗe ordinata a kan tebur.

"Yaya, kai ma ka zaka kasuwa?"

"Na zaka in ga abin da kaka saye."

Linzami uku aka jera masa. Akwai wani ƙato mai fitilu, yana canza launi kamar motar amarya. Akwai wani ƙarami baƙi mai maɓalli biyu a sama, irin wanda ke buro, wato ofishin daraktan lakwal ɗinmu, sai dai shi ba waya. Na ukun tsaka-tsaki ne, shi ma baƙi, amma yana da wasu maɓallai biyu a gefe, daidai inda babban yatsa ke kwanciya. A jikin kwalinsa an zana wani mutum da hular ƙarfe da bindiga, wuta na ci a bayansa.

Auta ya fara bayani, yana kallon tebur maimakon ni. Ƙaton ya yi nauyi a jaka, kuma fitilun nan shan wuta suke. Shi mai cin pil yake so, ba wanda ake sa wa caji ba, don ƙauyukan da yake zuwa ba kuran, wato lantarki, amma pil ko a teburin mai shayi ana samu. Yana son wanda ɗan kilen da ake sokawa a gefen ordinata yake da maɓoya a cikinsa, don in abu kamar ƙwayar wake ya faɗa yashin kwarin dallol, ya tafi ke nan. Kuma dole ya yi tafiya a kan yadi, don ba tebur a gindin itace, kan cinya yake ɗorawa.

Duk maganarsa da ma'ana, abin da ya ƙara mini zargi ke nan. Ɗalibin da ya fi tsara uzuri shi ne wanda bai yi aikin gida ba. Na ɗauki linzaman ɗaya bayan ɗaya. Na girgiza su a kunne, na buɗe cikinsu, na duba ko tsoho ne aka goge aka mayar a kwali. Mai butik yana dariya yana cewa saura in duba haƙora. Ina cikin haka Auta ya ɗora hannunsa kan na ukun, hannun rigarsa ya sauko ya rufe rabi. Ya tura shi kan cinyarsa, babban yatsansa yana danna maɓallan gefe da sauri, ƙas-ƙas-ƙas. Na ga fuskarsa ta saki, irin sakin da ban gani ba tun dawowarsa. Na ce lalle, ga gwanin wasa ya ga abin wasa.

"Wanga da shi aka zana taswira," na tambaye shi ina nuna mai bindiga, "ko da shi aka harbin mutane?"

"Yaya, kwali na kawai. Maɓallan ga na gehe nika so."

"Daraktanmu shekara da shekaru yana aiki da maɓalli biyu, lakwal ba ta rushe ba. In aiki kaka yi, wanga ya ishe ka."

Na tura masa ƙaramin. Mai butik ya sa baki ya ce in bar yaro ya zaɓi abinsa, hannu da hannu ba ɗaya ba ne. Na ce masa ai na san wanda ya fi riba a cikin ukun. Mutane sun ɗan taru, masu cajin waya da masu jiran ruwa ya ɗauke. Ƙane kuwa a ƙasarmu ta Kurfai ba ya musu da wansa a gaban jama'a, ko da gaskiyarsa ta kai dutse. Auta ya dubi na ukun, ya dube ni.

"To, Yaya," in ji shi. Ya sa hannu biyu ya karɓa.

Na koma gida ina jin na tare ɓarna. Amma kwanaki suka wuce ba abin da ya canza. Ƙofa a rufe, wuyan hannu da safe, shef a waya. Hatsi ya fara fitar da kai a gonaki, ni kuwa duk zangarniyar da na gani gaya mini take kaka ta kusa. Na je na sami Inna tana tsinke zogale za ta yi kopto.

"Inna, Auta na ɓoye wani abu."

Ba ta ɗago ba. "Kai tun kana ƙarami ba ka cin ƙosai sai ka tsaga cikinai. Garin tone-tone kaza tat tono wuƙar yanka ta."

Ta faɗi haka, amma ba ta ce ƙarya nake ba. Na lura kuma ganye ɗaya take ta juyawa a hannu.

Sai Allah ya kawo Kawu, wan Inna, daga Bonkuku. Ya zo kasuwa, ya biyo a gaisa, yana son komawa kafin la'asar. Na ga dama ta samu. Ana iya ce wa wa an ci a hanya, amma ba a barin kawu ya sa hannu a kwano ɗan ƙanwarsa yana ɗaki. Ni niyyata in zaunar da Auta gaban Kawu in tayar da maganar caca, in ga ta inda zai fita. Na ce wa matata ta kawo tuwo da an kwashe, kada a ba shi lokacin ƙirƙiro uzuri. Kawu da kansa ya ƙwala masa kira.

Ya fito. Ya wanke hannu yana ba mu baya, ya zauna a gefena. Aka buɗe kwano, tuwon hatsi da miyar kuka, tururi na tashi. Duk wanda ya girma da tuwo ya san ba a kai masa hari daga tukunya. Kawu ya taɓa gefe da kan yatsa ya janye, ya ci gaba da labarin farashin awaki. Ni ma na jira. Auta kuwa so yake ya ci loma biyu ya tashi kafin a kalle shi. Ya yi bismilla ya cusa hannu tsakiyar malmala.

Yatsunsa biyu, manuni da na tsakiya, suka nutse cikin tuwon har gindinsu. Bai janye ba, fuskarsa ba ta motsa ba. Yana ta ƙoƙarin yanko loma da babban yatsa da ƙananan biyun, waɗancan kuwa suna tsaye cikin zafin kamar ba nasa ba. Sai da tururi ya dafa masa tafin hannu ya zabura ya cire. Lomar ta suɓuce ta faɗi kan tabarma.

Kawu ya gani. Ya kai hannu ya jawo kwanon gabansa ya ce wannan tuwo sai an yi masa fifita, ya ci gaba da maganar awaki kamar ba a yi komai ba. Ni kuwa na watsar da maganar cacar da na shirya.

Da muka raka Kawu ya hau mota, na ja Auta bayan rumbu.

"Buɗe hannunka."

Ya buɗe. Tabo ne ya ratsa gindin yatsun nan biyu, da sawun ɗinki. Yatsun sun sandare, fatarsu ta yi bororo saboda tuwon.

"Yashi yaj ja moto kusa ga Damana," in ji shi. "Ƙarhen birki yak karye yash shiga nan. An ɗunke ni gidan likita, niz zamna can hal anka cire zare. Nama ya haɗe, amma biyun ga ba su ji, ba su lanƙwasa."

"Kuma kab bar mu cikin duhu? Mi yas sa?"

"Yaya, Hilinge ta. Ka hwaɗa ma mutum guda da sahe, da marece shef ya ji. Mutum nawa ka jiran wurin ga? Wa za ya riƙe mai zane da ba shi da yatsan zane?"

"To hagun hwa?"

"Na gwada, layi karkacewa shikai. Kuma ko ya miƙe, in zamna gaban maigari da dattawa in nuna ma mutum iyakar gonar ubanai da hagu? Ranan taron ka watsewa."

Gaskiya ya faɗa. A ƙasar nan ko goro ba a miƙawa da hagu, balle a nuna wa mutum gadonsa. Ya yi mini bayanin abin da na ƙi saurara a butik. Linzamin 'yan wasa ana iya gaya masa cewa aikin da manuni ke yi ya koma kan maɓallan gefe, sai babban yatsa ya riƙa dannawa. Shi kaɗai ne cikin ukun zai bar shi ya ja layi da hannun dama. Wanda na zaɓa masa kuwa da ƙaramin yatsa yake ta fama da shi a ɗaki, layi ɗaya sai ya goge ya sake har ya gaji.

"To mi yah hana ka komawa ka ɗauko shi?"

"Ka riga ka yi magana gaban mutane. In koma bayanka, na ƙaryata ka ke nan."

Zargina bai yi ƙarya ba, lalle akwai abin da ake ɓoye mini, sai dai ba inda na haƙa yake ba. Tsoro ya kama ni, tsoron kada mai butik ya riga ya sayar da shi. Na ce ya ɗauko jakarsa. Muka wuce kasuwa ko takalmin kirki ban tsaya sawa ba.

Mai butik yana hango mu ya duƙa ƙarƙashin tebur ya fito da kwalin mai bindiga. Ashe haɗin bakin da na zarga ma gaskiya ne, tun ranar Auta ya buga masa waya ya ce ya ajiye masa, ko Allah zai sa in huce. Na faɗa da ƙarfi, yadda masu cajin waya za su ji, cewa na sake shawara, wannan nake so a ba ƙanena. Duk da haka sai da na sake buɗe cikinsa na ga ɗan kilen yana maɓoyarsa. Na kuma ƙi pil ɗin da ke rataye a rana, na sa aka ciro na cikin kwali.

Tafiyarsa ta gaba ni na tuƙa moton. Na ce ina son ganin ragunan Damana, ya san ƙarya nake. A wani ƙauye aka taru gindin tsamiya. Wani manomi ya ci burtali da shuka, makiyaya kuma sun rantse kakanninsu ta nan suke bi zuwa rijiya. Aka yi ta hayaniya har aka gaji, aka yarda a bi ta tsohuwar aduwa. Auta ya juya musu ordinata, ya ɗora linzamin kan cinyarsa ta dama, yatsun nan biyu suna kwance a samansa, babban yatsa yana aiki a gefe. Ni ban kalli taswirar ba. Idanun dattawan nake bi ɗaya bayan ɗaya, in ga wa zai lura. Ba wanda ya dubi hannunsa, duk layin suke kallo yana tafiya a miƙe daga aduwa zuwa rijiya. Da aka shafa fatiha maigari ya miƙo masa hannu. Auta ya ɗan tsaya, sannan ya buɗe tafinsa ya ba shi duka.

Taswirorin da suka makale ya gama su kafin a ɗaure damman farko. Da kaka ta yi aka riƙe shi. Shef ya ji labarin hannun daga baya, kamar yadda komai ke isa kunnen kowa a Filinge, amma lokacin aikin yana gabansa a kammale. Yatsun dai ba su dawo ba. Mun je Yamai, likita ya duba, na tsakiyan ya ɗan fara lanƙwasa, ji kuwa har yau babu.

Ya dawo kan tabarma, ya koyi yanko loma da yatsu uku. A gidanmu an hore mu kowa ya ci gabansa, Baba har bugun hannu yake yi in yaro ya tsallaka gaban wani. Amma yanzu da an buɗe kwano ni nake fara kai hannu gaban Auta, in nutsa yatsa tsakiyar tuwon. In ya ƙona ni sai in ce a dakata. Kwanan baya wani baƙo ya ga na yi haka, ya yi dariya ya ce Mushe har tuwon gidansa bai yarda da shi ba. Na ce masa e, ban yarda da shi ba. Auta ya naɗe hannun riga yana jira in ce ya huce.